Gina fadama don tace ruwan dattin masana'antu: yaya abin yake aiki, kuma zai yiwu a Legas?

Tun da gwamnatin jihar Legas ta rufe abbatuwar Oko-Oba da ke Agege a watan Yunin 2025, kan batun ƙazanta da yadda dattin yanka ke shiga magudanan ruwa, maganar ruwan datti ta shiga bakin mutanen da a da ba ruwansu da ita. Ba a daɗe ba aka buɗe wajen, amma dai mahauta da 'yan kamasho da masu dako da mata masu sayar da abinci duk sun ji a jikinsu, kowa ya ga cewa ruwan da ke fita ta bayan katanga zai iya tsayar da kasuwar gaba ɗaya. Dama can hukumar kare muhalli ta jihar, wato LASEPA, ta saba garƙame kamfanoni da otal-otal lokaci zuwa lokaci, sai dai wannan karon abin ya taɓa wajen da Hausawa da yawa ke neman abinci.

Cikin hanyoyin da masana muhalli ke yawan kawowa in ana wannan zancen akwai wai a gina fadama, a dasa ciyawa, a bi da ruwan dattin ta ciki sai ya fito da sauƙi. To nan ne kan mutane ke ɗaurewa. Ba gwamnatin nan ba ce take rushe gine-ginen da aka yi a kan fadamu da hanyoyin ruwa? Ba doka ce ta hana zuba datti a fadama ba? To ta yaya kuma fadama za ta zama wajen kai ruwan kamfani? Abubuwa biyu ne daban ake haɗawa a magana ɗaya, shi ya sa.

Wace irin fadama ake nufi

Fadamar da ake magana ba irin wadda Allah ya yi ba ce a bakin lagun, wato babban tafkin Legas, ko hanyar Badagry. Ginanniya ce. Injiniya ne zai auna ya haƙa rami mai faɗi marar zurfi, a shimfiɗa masa baƙar roba mai kauri ko a daɓe shi da yumɓu yadda ruwa ba zai tsiyaya cikin ƙasa ba, a zuba tsakuwa ko yashi, sannan a dasa ciyayin da ke jure zama cikin ruwa. Akwai bututun shiga akwai na fita, an san lita nawa ke shiga a rana, an san kwana nawa ruwan zai yi a ciki, kuma ana iya tsayawa a bakin bututun fita a ɗebi ruwan a kai lab a gwada. Wanda ya saki ruwan kamfaninsa cikin fadamar daji ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, zubarwa kawai ya yi, kuma laifi ne.

Iri uku aka fi yi. Na farko shi ne wanda ruwa ke kwance a fili ana ganinsa, zurfinsa bai cika wuce rabin mita ba, ciyawa ta fito ta cikinsa. Shi ya fi arha, shi ya fi cin fili, shi ne kuma sauro ya fi so. Na biyu ba a ganin ruwan sam, yana bi ta ƙarƙashin tsakuwa mai zurfin kamar santimita 60 daga wannan gefe zuwa wancan a hankali, mutum zai iya takawa a sama takalminsa bai jiƙe ba. Na uku kuma daga sama ake watsa ruwan lokaci-lokaci, ya tsiyaya ƙasa ta cikin yashi da tsakuwa, in ya sauka sai iska ta biyo bayansa ta cika ramukan kafin a sake watso wani. Wannan na ukun ya fi samun iskar oksijin, don haka ya fi saurin aiki a ƙaramin fili, amma yawanci yana son famfo da kulawa. Sau da yawa haɗa na biyu da na uku ake yi, ɗaya ya miƙa wa ɗaya.

Ba ciyawar ce ke yin babban aikin ba

Yawancin mutane ɗauka suke ciyawar ce ke zuƙe dattin. Tana zuƙa, amma kaɗan ne in aka kwatanta da abin da ke shiga. Masu aikin na ainihi ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya, waɗanda ke manne a jikin saiwa da jikin tsakuwa su yi wani santsi-santsi. Su ne ke cinye jini da kitse da sitaci da suga da duk wani abu mai ruɓewa, su mayar da shi iska da ruwa. Tsakuwa da yashi su tare gari-garin da ke yawo a ruwan. Ita ciyawa aikinta ta ba bakteriyan masauki a saiwarta, ta rage gudun ruwa, ta tsiyayar da ɗan oksijin ta saiwa, ta kuma yi inuwa.

Sinadarin naitrojin, wanda ke da yawa a ruwan mayanka a matsayin amoniya, sai an bi da shi mataki biyu. Wasu bakteriya masu son iska su fara juya shi, wasu da ba sa son iska su ƙarasa shi ya tashi sama ya bi iska. Dalilin haɗa fadama iri biyu kenan da aka faɗa a sama. Shi kuwa fosfaras ba ya tashi, maƙalewa yake a jikin tsakuwa da laka, in wajen ya cika kuma sai ya fara wucewa abinsa.

Ciyayin da ake dasawa ba baƙi ba ne a wajen ɗan Arewa. Akwai kacala, wadda ta addabi manoma da masunta a fadamun Haɗejiya da Nguru, ta toshe hanyoyin ruwa ta zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki. Ƙarfin halin da ya sa ta zama bala'i a can shi ne ya sa injiniyoyi ke sonta a nan, don ba ta mutuwa da wuri. Akwai jema, mai doguwar saiwa. Akwai nau'o'in kara na bakin ruwa. Wasu har suna gwada ciyawar nan mai yawo a saman ruwa, mai kama da kainuwa, da ke hana jiragen ruwa sakat a Ikorodu duk shekara, wadda ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagry a 1984. Tana tace ruwa da sauri kam, amma in ta kuɓuce sai dai a yi ta fama.

Ruwan masana'anta ba iri ɗaya ba ne

Nan ne maganar take, kuma nan ne masu tallata abin suka fi yin sauri su wuce. In an ce ruwan dattin masana'anta, abubuwa ne da ba su da alaƙa da juna aka zuba a suna ɗaya.

Akwai ruwan da dattinsa mai ruɓewa ne: na mayanka, na kamfanin lemo da giya, na madara, na sarrafa rogo, na biskit da taliya. Ana auna ƙarfin irin wannan dattin da wani ma'auni da ake kira BOD, ma'anarsa yawan oksijin da bakteriya za su shanye kafin su cinye dattin da ke cikin lita ɗaya. Ruwan masai da wanka na gida yakan kai miligiram 200 zuwa 400 a lita. Na mayanka ko na kamfanin giya kuwa dubbai ake magana. Illarsa in ya shiga rafi shi ne ya shanye iskar da kifi ke shaƙa, ruwan ya yi baƙi ya fara wari, duk wanda ya taɓa bin gefen kanal a Legas da rani ya san wannan warin. Irin wannan dattin fadama na iyawa da shi, don abinci ne a wajen bakteriya. Sai dai ba a tura mata shi ɗanye. A mayanka misali, sai an fara tare jini daban tun a wajen yanka, wanda ma kuɗi ne don ana busar da shi a sa a abincin kaji, a kwashe kashin tumbi a busasshe maimakon a kora shi da tiyo, a sa raga ta tare gashi da guntun fata, a sa tarkon kitse, sannan ruwan ya shiga rufaffen tanki inda zai ruɓe har a samu gas na girki. Abin da ya fito daga nan shi ne rabon fadama. In aka tsallake waɗannan matakan, kitse da laka za su toshe ramukan tsakuwa, ruwa ya taso sama ya kwanta yana wari, kuma wannan toshewar ita ce ta fi kashe irin waɗannan ayyukan a ko'ina.

Akwai kuma ruwan da ke ɗauke da ƙarafa masu guba: dalma daga masu batir da masu narka tsofaffin batira, kuromiyam daga majema da masu yi wa ƙarfe fenti mai ƙyalli, kadmiyam, makuri. Mutanen Kano sun san wannan a Challawa da Sharaɗa da Bompai, inda ruwan majemu ya daɗe yana shiga koguna. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Babu bakteriyar da za ta cinye dalma ta ɓace. Abin da fadama ke yi shi ne ta kama shi ta ajiye a laka da saiwa, ruwan da ke fita ya ragu da guba, ita kuma fadamar tana ƙara cika. Kamar asusu ne, kullum ana jefawa, wata rana dole a fasa, kuma ranar da aka fasa sai an san inda za a kai abin da ke ciki. Ƙari a kan haka, in fadamar ta bushe ko ruwa mai tsami ya shigo, wani ɓangare na ƙarfen da ta riƙe zai iya sakewa ya bi ruwa. Shi ya sa ƙa'idar aiki ita ce a cire ƙarfen tun a cikin kamfani da sinadarai irin su farar ƙasa, a kwashe lakar a adana ta a matsayin shara mai haɗari, fadama ta zo daga ƙarshe ta share ɗan abin da ya rage.

Ruwan rini na masaƙu ma yana da nasa wayon. Wasu rinunan in suka shiga wajen da babu iska launinsu na ɓacewa, ruwan ya fito kamar ya wanku, alhali sinadarin ya karye ne ya koma wasu abubuwan da ba su da launi kuma wasunsu na da illa, sai sun sake bi ta inda akwai iska kafin su ƙarasa lalacewa. Kenan ganin ruwa garau ba shaida ba ce. Gishiri kuwa, wanda ke da yawa a ruwan majema da na rini, fadama ba ta cire shi kwata-kwata, yadda ya shiga haka zai fita, in ya yi yawa ma ya kashe ciyawar. Haka soda da ake wanke kwalabe da tankuna da ita, ko ruwan zafi daga tukunyar injin, in aka sako su lokaci guda za su iya kashe bakteriyan a dare ɗaya, a yi makonni kafin su farfaɗo. Don haka kusan kowane tsari mai kyau yana da tankin tara ruwa a gaba, inda ake gauraya shi ya huce ya daidaita kafin a sake shi kaɗan-kaɗan.

Daga ina dabarar ta fito

Ba sabon abu ba ne. Wata masaniyar tsirrai a Jamus, Käthe Seidel, ita ta fara gwaje-gwajen a shekarun 1950 a cibiyar Max Planck, daga baya Reinhold Kickuth ya fito da tsarin bi da ruwa ta cikin saiwa a shekarun 1970. Yau a Faransa akwai dubban ƙananan garuruwa da ke tace ruwan masansu ta wannan hanyar. A Indiya, fadamun gabashin birnin Kolkata sun daɗe suna karɓar ruwan dattin birnin ana kiwon kifi a ciki. A nan gida ma an yi ta gwaje-gwaje a jami'o'i, har da Jami'ar Legas da ke Akoka, sai dai yawanci ƙanana ne kuma a kan ruwan gidaje.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi a ɓangaren masana'antu shi ne na Nimr a ƙasar Oman, inda ake tace ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai daga rijiyoyi. Bayan an faɗaɗa shi yana iya ɗaukar lita miliyan 175 a rana, ruwan yana gangarawa da kansa daga wannan fadama zuwa waccan ba tare da manyan famfuna ba, abin da ya rage musu kuɗin wuta sosai. Amma a lura da abu biyu. Sai an raba yawancin man da ruwan tukuna kafin ya shiga ciyawa. Sannan a tsakiyar hamada aka yi shi, a kan ɗaruruwan hekta da babu mai rigima a kansu.

Me doka ta ce, me ya sa ake kauce mata

Dokokin muhalli na Najeriya kusan duk daga abin da ya faru a Koko suka samo asali, a 1988, lokacin da aka gano an jibge fiye da tan 3,000 na shara mai guba daga Italiya a wannan ƙaramin gari na jihar Delta ta yanzu. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA, a 1991 aka fitar da ƙa'idojin ruwan da masana'antu za su iya saki, inda aka wajabta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta zubar. A 2007 wata sabuwar hukuma mai suna NESREA ta zo ta karɓi aikin a matakin tarayya, ta kuma fitar da ƙa'idoji ɓangare-ɓangare, na masu abinci da abin sha daban, na masaƙu da fatu daban, na sinadarai da magunguna daban. Jihar Legas tana da LASEPA tun 1996, ga ofishin kula da ruwan datti na jihar, ga dokar muhalli ta 2017. Abin lura shi ne doka ta fi damuwa da ingancin ruwan da ya fito, wato tsaminsa da zafinsa da yawan datti da ƙarafan da ke ciki, ba ta ce lallai sai da inji kaza ba. Kenan fadama ba haramun ba ce, ba kuma lasisi ba ce, in ruwanta ya cika sharaɗi shi ke nan, in bai cika ba laifin na nan.

To me ya sa har yanzu kanal-kanal ɗin Ikeja da Ogba da Ilupeju da Apapa da Isolo suke yadda suke, rafin Odo Iya Alaro na kwaso na wajen Ikeja da Ogba yana kaiwa lagun? Wani ɓangare na amsar wuta ce. Injin tace ruwa da aka saba da shi aikinsa hura iska cikin tanki dare da rana don bakteriya su samu oksijin, in wuta ta ɗauke na dogon lokaci su mutu. Ga dizal da tsada, ga shi tun watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, duk da an ɗan rage daga baya. Ga kayan gyara da ake sayowa da dala. Kamfanin da ke neman inda zai rage kashe kuɗi, injin da ba ya kawo ko sisi shi ne na farko da hannu zai kai kansa, musamman in ya san masu duba ba kullum suke zuwa ba. Ƙananan masu sana'a kuwa, irin masu rini da masu narka ƙarfe da ƙananan mayankai, ba su da injin ma tun farko. Wannan giɓin ne ya sa ake ta waiwayar fadama, tunda ita ba ta san NEPA ta ɗauke ba.

Lissafin fili

Bari a yi lissafi na misali don a ga girman abin. A ce kamfanin abinci na fitar da lita 500,000 a rana, kamar tanka 15 kenan ta lita 33,000, kuma BOD ɗin ruwan 2,000 ne. Wannan ya zama kilo 1,000 na datti kullum. Injiniyoyi na ƙiyasta mutum ɗaya da giram 60 a rana, kenan kamfanin nan shi kaɗai daidai yake da mutum kusan 16,700. Tsohuwar ƙa'idar Turai ga fadamar da ruwa ke bi ta ƙarƙashin tsakuwa ita ce murabba'in mita 5 ga kowane mutum. In aka buga, ana neman hekta 8 da 'yan kai, wato fuloti kusan 125 irin na ƙafa 60 a 120. A Ikeja. Ba sai an ƙara bayani ba.

Amma lissafin na iya saukowa sosai. In aka fara bi da ruwan ta rufaffen tanki ya cire kashi 80 cikin 100 na dattin, aka kuma yi amfani da irin fadamar da ake watsa ruwa daga sama a kan murabba'in mita 2 ga mutum, sai abin ya dawo kamar fuloti 10. Zafin Legas ma na taimakawa, don bakteriya sun fi aiki a ɗumi kuma ciyawa ba ta hutun sanyi kamar a Turai, don haka a ƙasashe masu zafi akan yi da fili ƙasa da haka. Duk da haka fuloti 10 a Apapa ko Ilupeju ba wasa ba ne. Inda abin ya fi kama hankali shi ne bayan gari, Epe, Badagry, cikin Ikorodu, Ibeju-Lekki, da maƙwabta a jihar Ogun irin su Agbara da Ota da Sagamu inda masana'antu ke ta komawa, a can ma sai an gama da 'yan omo-onile, wato masu iƙirarin gadon fili da ke neman a biya su.

Legas na da wasu matsalolin nata na daban. Ita ce jiha mafi ƙanƙanta a ƙasar nan, kuma babban ɓangarenta ruwa ne. A wurare da yawa in ka haƙa kaɗan ka tarar da ruwa, to in robar ƙasan fadama ta huje, dattin kai tsaye zai haɗu da ruwan da rijiyoyi da bohal ke ja, don haka wani lokaci sai dai a gina ta a sama a yi mata ganuwa maimakon a haƙa. Ruwan saman Yuni da Yuli kuma in ya sauko zai iya cika ta ya tumbatsa, ya kwashe lakar da ta tara ya kai unguwa. Tsakuwar ma ba a Legas ake fasa ta ba, daga wajen Abeokuta da Ibadan tifofi ke kawowa, kuma ita ce ke cin kaso mai yawa na kuɗin ginin.

Masu goyon baya da masu shakka

Masu goyon baya hujjarsu a fili take. Kuɗin gudanarwa kaɗan ne, ba ta son wuta sosai, ba ta son kemikal, ba sai an kawo ƙwararre daga waje ba in ta samu matsala, lebura mai horo zai iya yanke ciyawa ya share bututu. Suna cewa injin zamani da aka kashe ba shi da amfanin komai, gara tsarin da ke cire kaso mai yawa kullum a kan wanda ke cire kusan duka amma ranar da masu duba za su zo kawai ake kunna shi. Suna kuma kawo shawarar a yi guda ɗaya babba ga rukunin masana'antu ko kasuwa, kowa ya tace nasa na farko a gida sannan a haɗa a tura can.

Masu shakka ba cewa suke ba ta aiki ba. Cewa suke ba a juya ta yadda ake juya inji. In datti ya ƙaru yau, mai inji zai ƙara iska ko kemikal, mai fadama sai dai ya zuba ido. Sabuwar fadama kuma tana ɗaukar watanni kafin ciyawa ta kafu ta fara aiki sosai. Masu kamfani na duba filin su ga sito ne ko sabon layin sarrafa kaya suka rasa. Wasu masu rajin kare muhalli kuma tsoronsu daban ne, kada kore shar ɗin ciyawa ya zama abin ɗaukar hoto, kamfani ya nuna wa baƙi lambu mai kyau alhali da daddare wani bututun ne ke aiki, ko a fake da sunan a riƙa zuba ruwa a fadamun daji a ce ai tacewa ake. Tsarin haɗaka ma yana da tambayarsa: in kamfani ɗaya cikin ashirin ya sako guba ya kashe fadamar, wa za a kama, wa zai biya?

In aka auna maganganun biyu za a ga ba su yi nisa da juna ba kamar yadda ake zato. Kusan duk sun yarda ta dace da datti mai ruɓewa, ta dace ta zama matakin ƙarshe, ba ta dace da ɗanyen ruwa mai ƙarafa ba. Saɓanin ya fi yawa a kan ko za a kula da ita bayan an yanke ƙyalle an tafi.

Ina abin ya shafi talaka

Mahauta da masu harkar dabbobi a Oko-Oba da Kara da sauran mayankai su ne na farko. Nasu ruwan na cikin wanda wannan tsarin ya fi dacewa da shi, kuma in aka samu mafita mai ɗorewa barazanar rufewa za ta ragu. Amma zai zo da sauyin yadda ake aiki, tare jini, daina kora kashin tumbi da ruwa, wataƙila da ƙarin kuɗi a kan kowace dabba don kula da wajen, kuma duk ƙarin da aka yi a mayanka a kan mai sayen nama yake ƙarewa.

Sai masu lambu, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, da ke noman alayyafo da latas da ugu a gefen hanyoyi da bakin kanal a wurare irin su Ojo da Iba. Ruwan da ya fito daga fadamar kamfanin abinci zai iya fin na kanal da suke ɗiba yanzu nesa ba kusa ba, har da ɗan taki a ciki. Sai dai fadama na rage ƙwayoyin cuta ne ba ta kashe su duka, kuma ganyen da ake ci ɗanye irin latas ya fi haɗari. Ruwan da ya fito daga kamfanin batir ko fenti ko rini kuwa, ko ya yi fari kamar na famfo, ba na ban-ruwa ba ne sai gwaji ya nuna.

Akwai wani haɗarin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba amma a nan babba ne, wato ciyawar kanta. A garin da ake sayar da ɗanyar ciyawa dami-dami ga masu raguna a wurare irin su Agege, musamman gab da babbar sallah, fili cike da ciyawa kore shar ba zai zauna haka nan ba, wani zai shiga da lauje. In fadamar ta mayanka ce ko ta kamfanin lemo matsalar ba ta da yawa. In ta masu ƙarafa ce, duk da yawancin gubar a saiwa da laka take zama, wani ɓangare na hawa ganye, daga ganye zuwa dabba, daga dabba zuwa tukunya. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ne, duk da can daga haƙar zinare ta fito. Haka ma masu kama tarwaɗa. Kenan katanga da mai gadi da allon gargaɗi cikin harsunan da mutane ke ji, har da Hausa, suna cikin kuɗin aikin tun daga farko.

Masu ruwa da ke tura kura da duk mai shan bohal a kusa, su abin da ya shafe su shi ne robar da ke ƙasa, wadda ba wanda ke gani bayan an zuba tsakuwa. Maƙwabta kuma sauro da wari, wanda shi ya sa a kusa da gidaje irin wadda ruwa ke bi ta ƙarƙashi ce ta dace, ba mai ruwa a fili ba. Masunta na lagun, daga Makoko har Ikorodu da Epe, su ne za su fi kowa cin riba in dattin da ke shiga ruwan ya ragu, amma fadama ɗaya ko biyu ba za ta nuna a kamunsu ba, don ruwan masai na gidaje da na kasuwanni da ke shiga lagun shi ma mai yawa ne.

Duk unguwar da aka zo aka ce za a yi irin wannan aikin kusa da ita, sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da 'yan ƙungiyar unguwa na da damar yin tambaya, tunda dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a ji ta bakin jama'a a kan manyan ayyuka. Tambayoyin da suka fi amfani su ne me kamfanin ke sarrafawa, wane tacewa ake yi kafin ruwan ya iso fadama, wa ke gwada ruwan da ke fita kuma sau nawa, ana ɗibar samfurin da daddare da ranakun hutu ko sai da rana kawai, ina ruwan zai bi in an yi ambaliya, sannan in shekaru suka yi aka zo kwashe laka da tsakuwar da suka toshe, a wane juji za a kai su kuma wa zai biya kuɗin motar.